Ganga a bene, tsohuwa a ƙasa: littafin aikin kashe jijjiga

Asabar, 6 ga Janairu, 2024

Na buɗe wannan littafi ne don in riƙa rubuta abin da na yi da abin da na kashe, har Allah Ya nuna min ƙarshen damuwar da na jawo wa mutanen gidan nan ba da sanina ba.

Haya nake a bene a unguwar Yelwa, cikin Garwa ta ƙasar Kamaru, ni da maiɗakina da 'yarmu mai shekara biyu. Sati uku ke nan da gangunan lantarki suka iso hannuna, waɗanda a nan muke kira bateri da bakin Faransanci. Na hannu ne. Daga Duwala aka turo su, suka hau jirgin ƙasa a Yawunde zuwa Ngaundere, daga can mota ta ƙaraso da su. Shekara biyu ina tara kuɗinsu, domin ƙungiyar da nake yi wa kiɗa a bukukuwa sau ɗaya take samun wurin gwaji a sati, hannu kuwa ba ya faɗawa da haka. Kakana makaɗin kalangu ne na mahauta, kuma ban taɓa ganin ranar da bai taɓa kalangunsa ba.

Huɗu daga cikin gangunan fuskarsu raga ce, ba fata ba, salon da kamfanin Roland na Japan ya fito da shi a 1997 don rage ƙara. Sai farantai uku na roba, da feda biyu: ta dama mai guduma da ke dukan gangar ƙafa, ta hagu kuma ba ta dukan komai, takawa kawai ake yi. Sauti ba ya fita sai ta hedifon. Da wannan na saki jiki, ina kiɗa daga bayan isha'i har sha ɗaya na dare, a zatona babu wanda ya san ina yi.

Jiya Baba mai gida ya kira ni zaure. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗana, me kake dakawa a sama da dare?" Na ce, "Baba, ba na daka komai." Ya ce to, yayarsa Inna ta kwana ashirin ba ta yi barcin kirki ba. Ɗakin Inna yana daidai ƙarƙashin wanda na kafa gangunan, ga ta da hawan jini. Ba ta gaya wa kowa ba, jikarta ce ta kai magana. Wai ji take kamar an kafa turmi a tsakar kanta.

Kunya ta rufe ni. Tsohuwar nan kullum na sauko sai ta sa min albarka, ashe da abin da take haɗiyewa. Baba bai ce in tashi ba, bai ce in sayar ba. Cewa ya yi in nemi dabara. Na yi masa alkawari ba zan sake taka feda ba sai na samo ta.

Litinin, 8 ga Janairu

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka na nemi izinin Inna in zauna a ɗakinta in ji abin da take ji. Na kira ƙanena, wanda ya ɗan iya kiɗa, na ce ya hau sama, in na buga masa waya ya yi abin da na ce.

Da farko sanduna kaɗai, a kan raga. Ban ji komai ba. Ya koma kan farantan roba: wani ɗan ƙas-ƙas can nesa, ta taga yake shigowa, ko kukan kajin tsakar gida ya fi shi. Sai na ce ya taka fedar dama.

Dum. Dum. Dum.

Ba ƙara ba ce irin wadda kunne ke kamawa ta wani gefe. Daga ko'ina take zuwa, daga rufi, daga bango, har a ƙafar gadon da na zauna. Kwanukan jeren Inna da ke cikin kabad suka kama tsuwa, murfi na taɓa murfi. Na ɗora tafin hannu a bango na ji yana bugawa kamar ƙirji. Fedar hagu ma, da ba ta da guduma, tana aiko da nata bugun, ko da yake bai kai na dama ba.

A sama, wanda ke kiɗa ba ya jin wannan ko kaɗan. Shi abin da ke damunsa ƙas-ƙas ɗin sanda ne, wanda shi kuma bai dami Inna ba. Ashe ƙara iri biyu ce. Akwai mai bin iska, wadda bango da ƙofa ke tarewa. Akwai kuma mai bin jikin gini: ƙafa ta taka, nauyin ya shiga tayil, ya shiga dekin, siminti da rodi su ɗauke shi su raba wa bangayen ƙasa, rufin Inna ya zama fatar ganga ni kuma ina kaɗa ta da ƙafa. Siminti ba ya shanye bugu, miƙa shi yake yi gaba.

Na samu ma'auni: kwanukan Inna. Ranar da aka taka feda ba su yi magana ba, aiki ya yi. Na gwada manhajar auna ƙara ta waya, amma ba ta kama irin wannan ƙasaitaccen bugu da kyau, lambarta kusan ba ta motsa alhali kwanuka na rawa. Na ajiye ta.

Da zan fita na ce, "Inna, ku yafe min." Ta ce, "Haba ɗan nan, ai sana'arka ce. Allah Ya ba da sa'a."

Asabar, 13 ga Janairu

Gwaji na farko. Na sayo kafet mai kauri a babbar kasuwa, sefa 8,000, da guntun katifar soso, sefa 3,500. Na shimfiɗa soson, na ɗora kafet, na jera ganguna a kai.

Bai yi ba. Ƙafafun ƙarfen da ke riƙe da gangunan sun nutse cikin soson har suka kusa taɓa ƙasa, wurin da fedar take kuma ya lotse ya zama kamar babu komai. Soso in ya matse iyakarsa ya daina aiki. Ga feda na zamewa gaba duk bugu, ga farantai na layi. A ƙasa kwanuka sun rage tsuwa kaɗan, bugun kuwa yana nan daram.

Wani abokina ya ce in manna kwalayen ƙwai a bango, wai haka ake yi a situdiyo. Ban bi ba. Ko a situdiyo abin da ake mannawa a bango amsa-kuwwar cikin ɗaki yake ragewa, ba ya hana ƙara fita, balle wadda ta bi ta ƙasa. Kuɗin ya huta.

Kafet ɗin zai yi amfani gaba. Soson na mayar da shi matashin zama.

Lahadi, 14 ga Janairu

Ba aiki. Na yi minti arba'in da sanduna a kan filo. Hazo ya sauko sosai, na lulluɓe gangunan da zani saboda ƙura.

Asabar, 20 ga Janairu

Dabarar da makaɗa da yawa a duniya ke yi ita ce dandamali mai shawagi: katako biyu, ƙwallayen tanis a tsakani. Na ƙasa yana kwance a daɓe, na sama yana ɗauke da ganguna, babu abin da ya haɗa su sai ƙwallo. Akwai na kanti da Roland ke yi, Noise Eater, wanda ake sa wa a ƙarƙashin feda, amma ban gan shi a Garwa ba, kuma aljihuna bai kai in aika a kawo ba.

Neman ƙwallon ya ci min kwana huɗu. Sabo yana da tsada. A ƙarshe wani yaro mai tsince wa 'yan tanis ƙwallo ya haɗa min tsofaffi 25, kowane sefa 300, jimla 7,500. Na matsa kowane da hannu na ga ƙarfinsu ya yi kusa da juna.

Filawud mai kaurin milimita 15, falle ɗaya, sefa 17,000. Tsawonsa santimita 244, faɗi 122, in aka raba biyu ana samun murabba'i biyu masu 122. Ganguna za su hau, kujera ba za ta samu wuri ba, za ta zauna a ƙasa.

Na kai wa kafintan bakin layinmu. Na zana masa: ramuka 25 a kowane katako, layi biyar-biyar, faɗin rami santimita huɗu da rabi. Faɗin ƙwallon tanis wajen santimita 6.7 ne, saboda haka zai zauna a bakin ramin ba zai faɗa ba, ba kuma zai gangara ba. Ya daɗe yana kallon zanen, sannan ya ce, "Malam, wannan gado ne ko tebur?" Na yi masa bayani da Hausa, na ƙara da Fulatanci don yaronsa ya gane. Mun yi ciniki a 5,000.

Asabar, 27 ga Janairu

An kawo. Ni da ƙanena muka hau da shi, kafinta ya zo ya haɗa da kansa, muka shimfiɗa kafet a kai muka jera ganguna. Tsayinsa wajen santimita takwas.

Na so in gwada da dare lokacin da gari ya yi tsit, amma yau Kamaru da Najeriya ke wasa a Abijan, gasar cin kofin Afirka. Duk unguwa tana gaban talabijin. An ci mu biyu da nema, Lookman ne ya zura duka biyun. A Garwa irin wannan wasa gida ɗaya yake raba wa biyu, domin da wuya ka samu wanda ba shi da dangi a Yola ko Mubi. Ihu har tsakar dare. Gwaji sai wani jiƙon.

Talata, 30 ga Janairu

Na sauka ɗakin Inna da ƙwarin gwiwa. Ƙanena ya taka. Kwanuka suka amsa.

Ba kamar da ba, gaskiya, amma sun amsa. Sefa 29,500 na zuba a katako da ƙwallo da aikin kafinta, abin da na samu bai fi na katifar soso da yawa ba. Na hau sama raina a jagule, na zauna a ƙasa ina kallon abin. Maiɗakina ce ta ce in sauke gangunan in duba shi da kyau kafin in yanke hukunci.

Da na ɗage kafet na ga kan noti huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Kafinta ya huda katakon biyu ya zura dogayen ƙusoshi masu noti ya ɗaure tam, don kada na sama ya zame. Da kyakkyawar niyya ya yi, kuma ni ne ban gaya masa dalilin ƙwallon ba, siffar kawai na ba shi. Amma ƙarfe huɗun nan sun zama gada: bugu ya bar ƙwallo ya bi ta kansu ya sauka. Na biyu, mun tura dandamalin har ya jingina da bango don ɗakin ya yi fili, gefen katakon sama yana gogar siminti kai tsaye. Wata gadar ke nan.

Na kwance notin duka. A madadinsu na zura igiyar nailan, sefa 1,000, na ɗaure sako-sako, yadda za ta hana katakon zamewa amma ba ta ɗauki nauyi ba. Na ja dandamalin baya da bango kimanin faɗin tafin hannu. Wayar wuta ma na sassauta ta, ta yi lanƙwasa kafin ta kai soket.

Muka sake gwadawa. Bambanci ya fito fili. Kwanuka sun yi shiru a bugu ɗaya-ɗaya, sai an jera bugu da sauri suke ɗan motsi. A bango kuwa hannu yana ji har yanzu.

Abu ɗaya mai tauri da ya haɗa sama da ƙasa ya isa ya ɓata aikin ƙwallo ashirin da biyar. Da na san haka tun farko da na tsaya a kan kafinta lokacin haɗawa.

Alhamis, 1 ga Fabrairu

Bayana na ciwo. Feda ta hau sama da santimita takwas, kujera tana ƙasa, gwiwa ta fi ƙugu tsayi. Kafinta ya yi min ɗan akwatin katako daidai tsayin dandamalin na ɗora kujerar, sefa 2,000. Na bar tazara tsakaninsu, ba sa taɓa juna. Na kuma yi masa bayanin notin, ya ce da ya sani da bai sa ba.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Wani malamin kimiyya na sakandare, maƙwabcin iyayena, ya zo ya duba. Ya hau dandamalin ya sauka, ya durƙusa ya leƙa ƙwallayen, ya ce sun yi yawa. Ni a tunanina yawansu shi ne alheri.

Ga yadda ya fahimtar da ni. Nauyi a kan abu mai lotsawa kamar lilo yake, yana da saurin da yake so ya riƙa kai-komo da shi. Duk jijjigar da ta fi wannan sauri da kusan ninki ɗaya da rabi, dandamali zai fara tare ta, kuma gwargwadon yadda ta fi shi gwargwadon yadda za ta taru. Wadda ta yi daidai da saurin kuwa ƙara mata ƙarfi zai yi. Saboda haka ana son lilon ya zama mai nawa sosai. Abin da ke nuna saurinsa shi ne yawan lotsawar ƙwallo a ƙarƙashin kaya: in milimita ɗaya ya lotsa, lilon kusan sau 16 ne a sakan, in santimita ɗaya ne, kusan sau 5.

Muka yi lissafi. Ganguna da katakon sama ba su wuce kilo 33 ba. A raba wa ƙwallo 25, kowane bai ɗauki kilo ɗaya da rabi ba. Ƙwallon tanis kuwa sai an ɗora masa wajen kilo takwas yake lotsawa da rabin santimita da 'yan kai. Wato nawa ko gezau ba su yi ba, suna zaune kamar duwatsu. Magani biyu ne: a rage ƙwallo, a ƙara nauyi.

Na cire 16 na bar tara: huɗu a kusurwoyi, uku a kewayen fedoji inda ƙafa ke dannawa, biyu a tsakiya. Na sayo yashin Binuwai wajen masu ɗiba, yanzu da rani ruwa ya ja baya yashi ko'ina, sefa 1,000, da ƙananan buhuna na 500. Na shanya shi kwana ɗaya a rana, na zuba buhu uku, kowane kilo goma, buhu cikin buhu don kada ya tsiyaye. Biyu a gindin ƙafafun ƙarfe, ɗaya a bayan gangar ƙafa. Yanzu kowane ƙwallo yana ɗauke da kilo bakwai, kuma ido na ganin ya lotsa.

Kwanuka sun yi shiru, ko da bugu mai sauri. Saura abin da tafin hannu ke ji a bango, da wani ɗan gum-gum da kunne ke tsinta in an kashe fanka.

Lahadi, 11 ga Fabrairu

Ranar matasa ta ƙasa. Mun yi kiɗa a wani taro da yamma, da gangunan fata na haya. Ƙafata ta yi sanyi, tsawon wata guda ke nan ba ta yi aiki sosai ba. Na ji shi a waƙa ta uku.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Na ƙudura in kashe sauran gum-gum ɗin. Iska ta fi ƙwallo laushi, sai na ce bari in gwada tiyub ɗin babur. Mai facin bakin titi ya ba ni tsofaffi huɗu, 500 kowane. Na hura musu iska kaɗan, yadda yatsa zai nutsa, na kwantar da su a ƙarƙashin katakon ƙasa. Sai da na juya bakin bawul ɗin kowanne ya kalli gefe, domin na farko da na sa ƙarfen yana taɓa tayil yana ƙyas-ƙyas.

Ta fuskar Inna wannan ne mafi kyau da na taɓa samu. Na manna kunne a bangonta ban ji komai ba.

Ta fuskata kuwa kamar kiɗa a cikin kwalekwale. Ƙwallo na lilo, tiyub na lilo, kujera tana tsaye a wuri ɗaya, feda na gudu daga ƙafa tana dawowa. Na ce zan saba.

Laraba, 21 ga Fabrairu

Na dawo daga aiki na tarar da dandamali ya karkace. Tiyub ɗin kusurwar dama ya sace ta wani tsohon faci. Buhun yashin da ke bayan gangar ƙafa ya zame ya faɗo, ya fizgi wayar da ke kai saƙon bugu zuwa ƙwaƙwalwar gangunan, wato ɗan akwatin da ke mayar da bugu sauti, kan wayar ya karye a cikin raminsa. Ƙarfen da ke riƙe da farantai ya jingina da bango, saura ƙiris ya kife.

Abin da ya tayar min da hankali ba wayar ba ce. 'Yata takan shiga ɗakin nan in an manta ƙofa a buɗe. Da tana gindin abin lokacin da buhun kilo goma ya zamo fa? Na daɗe zaune ban ce komai ba.

Mai gyaran rediyo ya zaro guntun da ya maƙale, ya yi wa wayar sabon kai da dalma, sefa 1,000. Alhamdu lillahi ramin bai lalace ba.

Na cire tiyub gaba ɗaya. Na san sababbi za su fi riƙe iska, amma roba ce, sai an riƙa dubawa ana ƙara iska, ga zafin Maris da Afrilu na tafe, lokacin da Garwa ke haura digiri 40. Abin da zai iya karkacewa ba na gida ba zai zauna a ɗakin da yarinya ke shiga ba, komai kyan aikinsa. Na koma kan ƙwallo tara. Buhunan yashi na ɗaure su da igiya a jikin ƙarfe, ƙofa kuma na sa mata sakata daga sama.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Tunda ba zan ƙara laushi a ƙasa ba, sai in rage bugun tun daga tushe.

Na ɗauki ɗaya daga ƙwallayen da suka rage, na huda shi, na cire kan gudumar feda na zura shi a sandar, na ɗaure da noti sama da ƙasa. Dukansa a kan robar gangar ya fi na asali taushi nesa ba kusa ba. Da farko gangar ta riƙa tsallake bugu marasa ƙarfi, sai na shiga saitin ƙwaƙwalwar na ƙara mata saurin ji, na kuma ɗaga sautin gangar ƙafa a hedifon. Nan na gano wani abu game da kaina: ina taka feda da ƙarfi ne saboda ba na jin ta sosai a kunne. Da sautin ya ƙaru, ƙafa ta sassauta da kanta.

Sai salon takawa. Na saba ɗaga diddige in saki nauyin cinya gaba ɗaya, in kuma bar gudumar manne da ganga bayan bugu. A dandalin biki wannan yana da amfani. A bene kuwa duk nauyin nan ƙasa yake tafiya. Yanzu ina koyon ajiye diddige, idon sawu ya yi aikin, guduma ta taɓa ta dawo. Tsokar ƙwauri tana zafi bayan minti goma. Na tuna kakana yana cewa ba a dukan kalangu, magana ake yi da shi. Ina yaro na ɗauka zancen tsofaffi ne kawai.

25 ga Fabrairu zuwa 1 ga Maris

Minti talatin kullum bayan la'asar, diddige a ƙasa, a hankali. Ba wani sabon abu.

Asabar, 2 ga Maris

Na juyo kan ƙara mai bin iska, domin maiɗakina ta ce ƙas-ƙas ɗin farantan roba yana tashin yarinya daga barcin rana. Ita ma ta yi haƙuri da yawa, hankalina duk yana ƙasa.

Na kashe fitilar falo na kunna ta ɗakin, na ga haske na fita ta ƙarƙashin ƙofa da gefenta. Inda haske ya bi, ƙara za ta bi. Na yanka tiyub ɗin nan da suka yi saura na manna su zagaye da bakin ƙofa, gam sefa 1,500. Na rataya bargo mai nauyi a bayanta, 6,000. Ƙasan ƙofa na toshe da tsumma da aka naɗe. Farantai kuma na rage musu ƙarfin hannu kamar yadda na yi wa feda.

A falo ƙarar ta ragu sosai. Sai dai ɗakin ya zama tanda. In an rufe taga da ƙofa, minti ashirin gumi ya jiƙa riga, in wuta ta ɗauke fanka ta tsaya kuwa sai fita. Na yanke: taga a buɗe da rana tunda tsakar gida take kallo kuma hayaniyar gari na rufe ƙarar, a rufe in dare ne.

Asabar, 9 ga Maris

Na roƙi Baba wata alfarma. Na ce zan yi kiɗa kwana huɗu a jere bayan isha'i, minti talatin-talatin, kada a gaya wa Inna, sannan shi ya tambaye ta. Dalilina shi ne in ni na tambaya za ta ce babu komai ko da akwai, kara ba za ta bar ta ta faɗa ba.

Yau ya kira ni. Ya ce ya tambaye ta ko yaron sama yana damunta, ta ce, "Ai ya bar kiɗan dare tun tuni. Ka ce masa kada ya bari saboda ni." Jikarta da ke kwana tare da ita ta ce ita ma ba ta ji ba.

Na sauka na gaishe ta, na gaya mata gaskiya cewa kwana huɗu ina yi. Ta riƙe baki. Na ce, "Inna, duk ranar da kuka ji wani abu, ko kaɗan ne, ku aiko yarinyar nan ta faɗa min." Ta ce to. Na kuma ja jikar gefe na maimaita mata, domin ita ce za ta faɗa.

Kafin in fito na sa ƙanena ya yi bugu mafi sauri da ƙarfi da zai iya. Kwanuka shiru. Tafin hannu a bango yana jin ɗan motsi, kamar mota ta wuce a titi.

Asabar, 16 ga Maris

Azumi ya kama, lokutan gida sun juye. Inna na kwanciya da wuri bayan asham ta tashi sahur, ta sake kwanciya da hantsi. Na dakatar da kiɗan dare har bayan salla. Abin da ya rage minti ashirin bayan la'asar, yawanci sanduna kaɗai.

Jimlar abin da na kashe zuwa yau sefa 56,000. A ciki, soso bai yi aikin da na saye shi dominsa ba, ƙwallo 15 suna ajiye a leda, tiyub kuma ya ƙare a bakin ƙofa.

Na auna tazarar da ke tsakanin katakon biyu a kusurwa huɗu na rubuta da fensir a gefe. Tsohon ƙwallo yana saki a hankali, ga nauyi ga zafi, saboda haka duk Juma'a zan sake aunawa. Wanda ya kwanta in musanya shi daga na leda. Na kusa da fedar dama nake sa wa ido, shi ya fi shan wahala.

Bayan salla, in Allah Ya kai mu, zan sayi rabin fallen filawud in faɗaɗa dandamalin don kujera ta hau. Nauyina zai maye gurbin yashi, buhunan su fita daga ɗakin, amma sai an sake lissafin yawan ƙwallo, kuma malamin kimiyya ya ce zai zo mu yi tare. Na kuma fara ajiye sefa 5,000 duk wata don feda marar guduma, irin KT-9 ta Roland. Kafin in saya sai na tabbatar za ta yi aiki da ƙwaƙwalwar gangunana, na riga na aika wa wanda ya sayar min da su tambaya a Duwala.